Jackie Coogan, yaron Sharlo da ya kai uwarsa kotu

 Labarin yau daga Amurka yake, kuma tsoho ne, farkonsa ya haura shekara ɗari.

Duk wanda ya san Sharlo, mutumen nan mai ɗan gashin baki da ƙaramar malafa da sanda, wanda sunansa na gaskiya Charlie Chaplin, da wuya a ce bai ga fim ɗinsa na 1921 ba, The Kid. A cikinsa ne Sharlo ya tsinci jariri yashe a lungu, ya reni abinsa cikin talauci. Da yaron ya tasa sai sunka haɗa sana'a: yaro ya jefi tagar mutane da dutse ya ruga, Sharlo ya ɓullo da gilashi goye a baya kamar dai wucewa yake, a kira shi gyara. Can gaba ma'aikatan gidan marayu sunka zo sunka jefa yaron bayan mota, yana miƙo hannu yana kuka, Sharlo na bin su ta saman rufin gidaje. Fim ne marar magana, amma har yau wurin nan na sa manya hawaye.

Yaron nan sunansa Jackie Coogan. An haife shi ranar 26 ga Oktoba 1914 a Los Anjalas, jihar Kalifoniya, iyayensa ƴan wasan dandali ne. Yana ɗan shekara 4 Chaplin ya gan shi yana rawa a wani gidan wasa na birnin, a 1919. A shekarar ce kuma Chaplin ya rasa ɗansa na fari, kwana uku bayan haihuwa. Chaplin ya faɗa cikin tarihin rayuwarsa cewa ranar da za a ɗauki wurin kukan nan yaron ya ƙi kuka, sai da ubansa ya ja shi gefe ya tsorata shi da cewa in bai yi ba, da gaske za a kai shi irin gidan nan. Ke nan hawayen da duniya ta yaba, na tsoro ne.

Fim na fita, Jackie ya zama yaron da ya fi kowane yaro suna a duniya. A 1922 ya fito a Oliver Twist. Kamfanoni sunka riƙa buga hotonsa a kan ƴar tsana, da usur, da takardun rubutu, har da tunkuzar gyaɗa ta gwangwani. A 1924, bai cika shekara 10 ba, ƙungiyar agaji ta Near East Relief ta sa shi gaba ya zagaya Amurka neman taimako don marayun Armeniya da Girka da yaƙi ya tarwatsa. An tara tufafi da abinci da kuɗi na sama da dala miliyan 1, ya tafi har ƙasar Girka, a hanya kuma Fafaroma Pius na 11 ya karɓe shi a Roma. Abin da shi kansa ya samu a yarintarsa an ƙiyasta shi tsakanin dala miliyan 3 zuwa 4. Dalar Amurka nake nufi fa, ta wancan zamani, ba dalarmu ta nan ba wadda yau ko alawa ba ta saye.

Sai girma ya zo. Sana'ar yaron fim haka take, abin da ake saya wurinsa shi ne yarintar, kuma ba ta zama. Ya yi Tom Sawyer a 1930 da Huckleberry Finn a 1931, daga nan kasuwa ta fara ja baya. Bai damu ƙwarai ba, tunda a saninsa dukiyarsa na ajiye, ranar da ya cika 21 za a damƙa masa.

A watan Mayu 1935 motar da ubansa ke tuƙi ta faɗa kwazazzabo a yankin San Diyego. Mutum biyar ne ciki, Jackie kaɗai ya fita da rai. Uban ya mutu, babban abokinsa Junior Durkin, shi ma ɗan fim, ya mutu. Wata biyar bayan haka Jackie ya cika shekara 21. Ya jira, shiru. Uwarsa Lillian ta auri Arthur Bernstein, mutumen da ke riƙe da lissafin kuɗin gidan. Dukiyar kuwa ta bi motoci masu tsada da lu'ulu'u da rigunan gashi.

A 1938 ya kai su kotu. To, nan ne labarin ya yi ɗaci. Uwar ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ce kuskure ne ba. Matsayinta shi ne ba wanda ya taɓa yi wa Jackie alkawarin komi, kuma duk abin da yaro ya samu kafin ya kai 21 na iyayensa ne. Abin da zai ba ku mamaki, bisa dokar Kalifoniya ta lokacin da gaskiyarta. Doka na kallon gumin yaro kamar amfanin gonar uba. Ba sata anka yi masa ba a idon alƙali, ko da kuwa duk garin ya san wanda ya tashi da asuba ya tsaya gaban kyamara. Da anka ƙirga abin da ya rage, wajen dala 250,000 ne, bayan an cire kuɗin shari'a ya tashi da dala 126,000. Aurensa da ƴar fim Betty Grable, wanda anka ɗaura a 1937, ya mutu a 1939, cikin wannan rikici.

Ni a ganina abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne wadda ya tsaya gabanta a kotu. Mun san a nan yadda ake kallon ɗan da ya kai mahaifiyarsa gaban alƙali, ko me ta yi masa. Can ma wasu manyan Holiwud sun juya masa baya saboda haka, aiki ya yi masa wuya. Amma jaridu sun ɗauki maganar, jama'a sunka fusata, kuma a 1939 majalisar dokokin Kalifoniya ta yi dokar da har yau ake kira da sunansa, dokar Coogan. Ta ba alƙali ikon ware wani kaso na kuɗin yaron fim a ajiye masa har ya girma.

Yaƙin duniya na biyu ya same shi ba aiki sosai, ya shiga soja a 1941. Da yake ya iya tuƙin jirgin sama, anka ba shi irin jiragen nan marasa inji, waɗanda wani jirgi ke ja da igiya ya sake su su sauka shiru. Daren 5 ga Maris 1944 yana cikin matuƙan da sunka sauke sojojin Ingila na Janar Orde Wingate a dajin Boma, bayan layin sojojin Japan. Wannan shi ne yaƙin Boma da tsofaffi ke ba da labari a ƙasar Hausa. Cikin rundunar Wingate ɗin akwai bataliya uku na sojojin Najeriya, da yawansu ƴan Arewa, kuma Hausa ce harshen bariki. Su ma ta sama anka shigar da su dajin, makonni kaɗan bayan daren nan.

Bayan yaƙi ya koma ƙananan fitowa a fim da telebijin. Sai a 1964, yana da shekara kusan 50, gashi ya zube, jiki ya yi nauyi, ya samu matsayin Kawu Fester a shirin The Addams Family, wanda anka nuna har 1966: wani tsoho mai sanƙo da doguwar baƙar riga, da ke sa ƙwan lantarki a baki ya kama. Yaran da sunka yi ta dariyarsa a lokacin, akasarinsu ba su san shi ne kyakkyawan yaron Sharlo ba. Ya rasu ranar 1 ga Maris 1984 a Santa Monika, yana da shekara 69.

Dokar tasa kuwa ta fito da ƙofofi. Sai kwangilar da anka kai gaban alƙali take shafa, kuma ba ta ce kuɗin na yaron ne ba. Shi ya sa abin ya yi ta maimaituwa. Gary Coleman, ɗan gajeren yaron nan na Arnold et Willy, ya kai iyayensa da mai kula da kuɗinsa kotu a 1989, a 1993 anka yanke a biya shi kusan dala miliyan 1.3. Sai daga ranar 1 ga Janairu 2000 ne Kalifoniya ta rubuta ƙarara cewa abin da yaro ya samu a wannan sana'a nasa ne, kuma dole mai ba shi aiki ya zuba kashi 15 cikin 100 a asusun banki da ba mai taɓawa sai yaron ya cika 18. Shekara 61 ke nan bayan dokar farko, kuma har yanzu kashi 85 na bi ta hannun iyaye.

Yanzu da waya ta zama kyamara a kowane gida, tambayar ta bar Holiwud. Yaron da ake ɗauka yana rawa ko barkwanci a TikTok da YouTube, kuɗin talla na shiga wayar uba ko yaya, wa ke riƙe masa lissafi? Faransa ta yi doka a Oktoba 2020 da ta ce a ajiye wa irin waɗannan yara rabonsu a baitulmalin ajiya na gwamnati har su balaga, ta kuma ba su ikon neman a goge bidiyonsu ko iyaye ba su yarda ba. A Satumba 2024 gwamnan Kalifoniya ya sa hannu anka faɗaɗa dokar Coogan ta haɗa da yaran da ake biya don bidiyon intanet.