Yadda Za Ku Gane Sabon Fim Ya Kusa Fitowa

Kullum sai an tare ni a shagon tura finafinai nan Giyawa: "Yaushe fim kaza zai fito?" To ga alamomin da nake bi.

Na farko, waƙa. A Kannywood ita ce ɗan aike, takan riga fim isowa wayoyinmu. Ku tuna Mansoor na kamfanin FKD, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni a 2017. Muryar Umar M. Shareef ta taimaka ƙwarai wajen tallata shi.

Na biyu, tirela a tashar masu fim ɗin ta YouTube. Labarina na Aminu Saira a Saira Movies yake, Izzar So na Lawan Ahmad kuma a Bakori TV.

Na uku, tacewa. Fim ɗin da za a saki a Kano sai ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ta jihar. Bidiyon waƙa ma ba wasa ba ne. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon "I Love You" na ClassiQ.

In ba ku ga alamun nan ba, ku riƙe datarku. Ni kaina na taɓa ƙona ta sati guda kan "sabon fim", ashe tsohon ne aka sauya wa suna da hoto. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Wane fim kuke jira? Ku faɗa mini a ƙasa.