Labarin Jesse Owens, Gwanin Dogon Tsalle

'Yan makaranta masu gasar dogon tsalle ran wasanni, bari mu ba ku labarin Jesse Owens, baƙar fatar Amurka, jikan bayi.

Ran 25 ga Mayu, 1935, a garin Ann Arbor, ya yi tsalle ɗaya tak, aka auna, aka sami ƙafa 26 da inci 8 da kwata. Ku auna haka a filinku ku gani! Shekara 25 ba wanda ya wuce wannan.

Da shekara ta kewayo, aka yi babban taron wasannin duniya a Berlin, zamanin Hitila, mai raina baƙar fata. Owens ya ci lambar zinariya huɗu. Wanda ya bi masa a tsalle, Luz Long, Bajamushe ne, amma ya rungume shi a bainar jama'a.

Ana gama taron sai shugabannin wasanni na ƙasarsa suka hana shi sake shiga gasa, wai don ya ƙi zuwa wasa Sweden, ya koma gida neman abin kansa. Mu dai a ganinmu ba a kyauta ba, gama a lokacin ko shekara 23 bai cika ba. Daga baya har tsere da dawaki ya riƙa yi, ana biyansa.