Ƙwallon Doki Da Ganuwar Kano

Makasudin wannan 'yar maƙala shi ne mu waiwayi tarihin wani wasa da muka yi tarayya da Turawan Ingila a cikinsa, watau ƙwallon doki, wanda masu yinsa ke kira folo. Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: yaya aka yi wasan da ya haura shekara 120 a Nijeriya, wanda ba ya yiwuwa sai da doki, har yau bai tsallako ganuwa ya shigo birnin Kano ba, alhali kuwa da wuya a sami garin da ya ɗauki doki da daraja kamar Kano? Filin wasan yana can gabas, wajen Bompai, inda Turawa suka kafa barikinsu. Mutumin Yakasai ko Madabo ko Mandawari yana iya tsufa bai taɓa ganin an buga ba, ga shi kuwa ba a hawan Salla babu shi.

Kafin mu shiga wannan, ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri mu leƙa wata ƙasa mai nisa, don akwai labarin da zai zama mana ma'auni.

A 1872 wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Horace Wilson, wanda ke koyarwa a Tokyo, ya nuna wa ɗalibansa wasan ƙasarsu da a ke kira besbol. Wasa ne na mutum tara-tara: wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki, ya sheƙa da gudu ya kewaya kusurwa huɗu. A lokacin nan Japan ba ta daɗe da shan wulaƙanci ba. A 1853 jiragen ruwan yaƙin Amurka suka tsaya mata a baki suka tilasta ta buɗe ƙofa, daga baya kuma aka sa ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta ce in baƙon Bature ya yi laifi a ƙasar, ba alƙalin Japan ne zai yi masa shari'a ba. Baƙin da ke zaune a Yokohama suna da kulob nasu, ba su barin ɗan ƙasa ya taka filinsu. Ɗaliban wata makaranta ta Tokyo da a ke kira Ichiko suka yi shekaru suna neman a kara da su, ana yi musu kallon yara. An ce doki ɗaya a fage gudu gare shi. Ranar da aka yarda, a 1896, sai yaran nan suka lallasa baƙin da ci 29 da 4.

Daga nan wasan ya bi makarantu kamar wutar daji. Japanawa suka raɗa masa suna da harshensu, yakyu, suka kafa gasar makarantun sakandare ta ƙasa a 1915. A 1934 gwanayen Amurka, ciki har da Babe Ruth, suka ziyarci ƙasar, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Eiji Sawamura ya hana Ruth ɗin taɓa ƙwallo har ya fita. Shekara goma bayan haka Sawamura ya mutu yana soja, Amurkawa suka nutsar da jirgin ruwan da ya ke ciki. A can Amurka kuwa, lokacin da aka tsare 'yan asalin Japan wajen 120,000 a sansanoni daga 1942, besbol suka riƙa bugawa a bayan waya. Da yaƙi ya ƙare, wasan ne ya fara sulhunta su, har ga shi a 2023 Japan ta ci Amurka 3 da 2 a wasan ƙarshe na gasar duniya, a cikin Amurkan. To, mu riƙe abu ɗaya daga wannan labari: ta ƙofar makaranta wasan ya shiga, a ƙasar da tun 1872 ɗin ta yi dokar kowane yaro ya je makaranta.

Yanzu mu dawo gida.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne su kansu Turawan Ingila aro suka yi. Ƙwallon doki tsohon wasa ne na Farisa da ƙasashen tsakiyar Asiya, kuma sarakunan Musulmi sun daɗe suna yinsa. Sarkin Delhi Ƙuɗubuddin Aibak a filin wasan nan dokinsa ya faɗi da shi ya rasu, a Lahore, a 1210. Hafsoshin Ingila a Manipur ta ƙasar Indiya suka gan shi, suka kafa kulob a Kalkata a 1862, suka kai shi gida a 1869, suka shirya masa dokoki. Daga nan duk inda sojansu ya sauka sai ya share fili. An fara shi a Ikko a 1904, aka kafa kulob na Kaduna a 1918. Saboda haka wanda ya ce wasan Nasara ne bai faɗi ƙarya ba, amma rabin labarin ya faɗa.

Abu na biyu shi ne Turawan ba su tarar da mu a ƙasa ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara lifidi da kwalkwali da sulke. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ya fara dawakin zage. Dubi sarautunmu kawai: Madaki, Sarkin Dawaki Mai Tuta, Sarkin Dawakin Tsakar Gida, Shamaki. Dubi sunayen garuruwa: Dawakin Kudu, Dawakin Tofa. Doki shi ne makamin mulki, da shi a ke cin gari, da shi a ke tsare hanyar fatake. Wannan zamani ya ƙare cikin wata guda. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Turawa suka fasa ganuwa suka shiga Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Kafin watan ya fita, a Kwatarkwashi, barade suka yi ta kai sukuwa a kan 'yan bindiga ana zubar da su, a nan Waziri Ahmadu ya yi shahada. Daga ranar nan dokin Kano ya rasa aikinsa na asali. Ga barga cike, ga barade, babu yaƙi.

A ganina duk tarihin doki a ƙasar Hausa bayan 1903 tarihi ne na neman sabon aiki, kuma ayyuka uku aka samo masa: hawa, da sukuwa, da ƙwallo. Hawan Salla namu ne tun da, amma Turawa sun sa masa hannu. Sun zo da kalmar daba daga Indiya, inda suka samo folon, suka riƙa tara sarakuna da dawakinsu don karɓar manyan baƙi, kamar yadda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da Sarauniya a Kaduna a 1956. Shi kansa Hawan Nasarawa gaisuwa ce da Sarki ke kai wa Razdan, wadda gwamna ya gada. Duk da haka ba wanda zai tsaya a Ƙofar Kudu ran Hawan Daushe ya ce wannan abin baƙi ne. Birni ya haɗiye shi sarai, har hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024.

Ƙwallon doki kuwa ta Katsina ya shigo hannun Hausawa. Sarki Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka naɗa a 1906, ya biya ta Ingila a tafiyarsa ta aikin Hajji a 1921, kuma bayan dawowarsa wasan ya kafu a fadarsa. Kada mu manta Dikko ba ya cikin gidan Dallazawa da ke sarauta kafin shi, saboda haka kusanci da Turawa jari ne a gare shi, filin ƙwallo kuwa wuri ne da Razdan ke tuɓe hular mulki. Amma abin da ya biyo baya ya wuce siyasa. 'Ya'yansa suka koyi wasan, suka riƙa karawa da hafsoshin Turawa suna cin su, Katsina ta ɗauki Kofin Jojiya na Kaduna sau da yawa. Ana auna gwanintar ɗan wasa daga 2 ƙasa da sifiri zuwa 10. Usman Nagogo, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1944 zuwa 1981, ya kai 7, matakin da galibin Turawan da suka kawo wasan ba su ko hango ba. Ɗansa Janar Hassan Usman Katsina ya gaje shi a fili.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san jafi. Baraden da zai saki doki a guje, ya zo daf da Sarki ya ja linzami doki ya tsaya cak, ya riga ya iya rabin folo, don wasan tsayawa ne da juyawa. Sauran rabin dokoki ne: mutum huɗu-huɗu, sanda a hannun dama, kada ka gitta wa wanda ke bin layin ƙwallo. Idan ana neman Ichiko ta ƙasar Hausa, 'ya'yan Dikko ne. Sun ci mai mulki a gaban jama'a, da dokarsa, ba shi da bakin cewa tawaye ne.

A Kano lamarin ya ɗan bambanta, kuma bambancin ya yi kama da halin garin. A nan attajirai ne suka fi riƙe wasan, musamman zuriyar Alhassan Ɗantata, wanda ya tara dukiya da goro da gyaɗa ya rasu a 1955. Sunan jikansa Usman Ɗantata aka sa wa filin na Kano. Watau a Katsina rawani ya ɗauki wasan, a Kano kuɗi.

To, me ya hana shi shiga birni? Na farko tsada. Ana buga wasan zango-zango, kowane zango wajen minti 7, kuma dokin da ya yi zango ɗaya a guje sai an sauya shi. Mai doki ɗaya a turke, wanda ke yi masa fafutukar harawa da dusa da kanwa don ya fita kunya ran Salla, ba shi da wurin shiga. Da kuɗin mai suka zo aka fara sayo dawaki daga Ajantina, sai tazarar ta ƙara faɗi. Na biyu fili: tsawonsa yadi 300 ne. Na uku, wanda na fi ba muhimmanci, wasan bai ba masu sana'ar birni aikin yi ba. Hawa yana ciyar da dukawa da maƙera da masu ɗinkin jalala da 'yan sirdi na Kasuwar Kurmi, da makaɗa da maroƙa. Folo kuwa da shimfiɗaɗɗen sirdin Turawa a ke yinsa, marar kwacciya, da sanda da hula na waje. Talakan da ke cikinsa shi ne yaron doki, mai wanka da kilisa da yankan ciyawa, wanda sau da yawa shi ya hore dokin da maigida zai hau ya ɗauki kofi, sunansa kuwa ba ya jikin kofin.

Wani zai ce ai mu ma akwai wasan da ya shigo ta makaranta. Gaskiya ne, akwai fayif, ƙwallon da a ke bugawa da tafin hannu a jikin bango, wanda a ke danganta kawo shi da malamin nan S. J. Hogben. Asalinsa daga makarantar Eton ne, kuma fasalin ɗakin wasan kwaikwayon gefen cocin makarantar ne, abin da ban tsammanin an gaya wa ɗaliban Kwalejin Katsina ba. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, gwaninsa ne, har aka sa kofi da sunansa. Mutanenmu suka sauya shi suka riƙa bugawa da ƙwallon tanis. Sai dai ƙofar makarantar da ya bi ƙunƙuntacciya ce. Japan ta buɗe makaranta ga kowa, Turawan Arewa kuwa da gangan suka taƙaita ta ga 'yan kaɗan da za su yi aikin En'e. Fayif ya tsaya iyakar inda boko ya tsaya a wancan zamani.

Daga cikin wasannin da Turawa suka zo da su, wanda ya shiga lungunan birni shi ne wanda sarakuna ba su kula da shi ba, watau tamaula. Ba ta bukatar barga ko bango na musamman, tsumma da igiya da duwatsu huɗu sun isa. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, Kano Pillars ta ci a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Babban filin ƙwallon garin ma a bakin Ƙofar Mata aka gina shi, inda yaron Fagge da yaron cikin birni duk za su iya zuwa da ƙafa.