Big Boss: Stephen Keshi da Mutuncin Kocin Gida

Waɗanda suka daɗe a harkar ƙwallon ƙafar Najeriya, tun daga masu ɗaukar jakar ƙwallaye a sansani har zuwa 'yan jaridar da ke bin tawaga ƙasa-ƙasa, sun san wata tsohuwar al'ada. Lokacin wasannin neman gurbi, lokacin doguwar tafiya da filaye masu ƙura, kocin gida ake nema. Da zarar tikiti ya shigo hannu, sai a fara cigiyar wanda zai karɓi kujerarsa, galibi Bature. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Stephen Okechukwu Keshi ya sha wannan ɗaci har sau biyu kafin ya samu ya karya al'adar.

A Azare ta jihar Bauchi aka haife shi ranar 23 ga Janairun 1962, amma asalin iyayensa mutanen Illah ne a jihar Delta ta yau. A Legas ya tashi, ya yi karatu a kwalejin St. Finbarr's, makarantar da ta yi suna wajen fitar da 'yan ƙwallo. Ya fara da ACB ta Legas, sannan ya koma New Nigeria Bank ta Binin, inda suka ɗauki kofin WAFU a 1983 da 1984. Ɗan baya ne mai ƙirar jiki da kaifin murya, irin wanda yake tsara abokan wasansa daga baya kamar mai kora garke. Yana ɗan shekara 22 ya ja Najeriya zuwa wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, inda Kamaru ta yi nasara da ci 3-1.

Horo ne ya fitar da shi waje. Hukumar ƙwallo ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa na New Nigeria Bank saboda jinkirin shiga sansani, shi kuwa bai zauna jiran afuwa ba. Ya tsallaka Kwaddibuwa, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports, a 1986 kuma ya sauka a Lokeren ta Beljiyam. Shekara guda bayan haka Anderlecht ta ɗauke shi, ya ci kofin ƙasar sau biyu da gasar lig ta 1991, kafin ya wuce Strasbourg ta Faransa.

A nan ne lakabin Big Boss ya zauna masa. A wancan zamani ɗan wasan Najeriya bai san hanyar Turai ba, babu wakili, babu waya a aljihu. Gidan Keshi a Beljiyam ya zama masaukin baƙi: yana yi wa yara hanyar gwaji, yana fassara musu kwantiragi, yana nuna musu yadda ake rayuwa cikin sanyi. Cikin 'yan shekaru Beljiyam ta cika da 'yan Najeriya, irin su Samson Siasia da Augustine Eguavoen da Victor Ikpeba da Sunday Oliseh, da Daniel Amokachi wanda ya fito daga Ranchers Bees ta Kaduna. Har Nii Lamptey na Ghana ta hannunsa ya shiga Anderlecht. Mafi yawan waɗannan su ne suka zama ƙashin bayan tawagar Clemens Westerhof da ta doke Zambiya 2-1 a Tunis a 1994, ta kuma je gasar cin kofin duniya karon farko a Amurka. Rauni ya hana Keshi buga wasan ƙarshe a Tunis, amma da aka zo ɗaga kofi kowa ya san waye kyaftin.

Da ya rataye takalmi sai ya koma benci. Yana mataimakin Shuaibu Amodu suka samo wa Najeriya gurbin kofin duniya na 2002. Sun zo na uku a kofin Afirka a Mali, aka sallame su gaba ɗaya, Adegboye Onigbinde ya tafi da tawagar Koriya da Japan.

Na Togo ya fi ciwo. Keshi ya karɓi ƙasar a 2004, ƙasar da ba ta taɓa leƙa kofin duniya ba, ya haye da ita saman rukunin da ke da Senegal da Zambiya da Mali. Hukumar CAF ta ba shi gwarzon koci na 2005. Sai aka je kofin Afirka a Masar, Togo ta sha kashi a wasa uku a jere, saɓani ya shiga tsakaninsa da Emmanuel Adebayor. Bajamushe Otto Pfister ne ya zauna a bencin Togo a kofin duniya na Jamus. Daga baya Keshi ya horar da Mali, kuma yana kan benci a Luanda a 2010 lokacin da yaransa suka farke ƙwallo huɗu a mintunan ƙarshe, aka tashi 4-4 da Angola.

A ƙarshen 2011, bayan Najeriya ta kasa zuwa kofin Afirka, aka kira shi gida. Abin da ya fara yi shi ne abin da aka daɗe da dainawa: ya buɗe sansani a Abuja don 'yan lig ɗin gida, ya riƙe su makonni yana gogar su. Da ya fitar da sunayen masu zuwa kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013, babu Osaze Odemwingie, babu Obafemi Martins, ga kuma 'yan gida shida, ciki har da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars da Reuben Gabriel na Kano Pillars da Sunday Mba. Gidajen rediyo suka yi masa ca. Kunnen doki biyu da Burkina Faso da Zambiya suka ƙara wa wutar fetur, kuma da aka haɗa Najeriya da Kwaddibuwa ta Drogba da Yaya Toure, mutane da yawa a gidajen kallo sun riga sun sallama.

Emmanuel Emenike ya fara ci, Cheick Tiote ya farke, sai Mba, yaron da bai taɓa buga ƙwallo a Turai ba, ya ja ta daga tsakiyar fili ya zura ta biyu. Aka lallasa Mali 4-1, har da ƙwallon Ahmed Musa. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, Mba ɗin dai ya sake ɗaga ƙwallo ta kan ɗan bayan Burkina Faso ya narka ta a raga. Bayan shekara 19 kofi ya dawo Najeriya, Keshi ya zama mutum na biyu, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ci shi yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci.

Washegari ya ce ya ajiye aiki, saboda yadda aka yi ta shirin maye gurbinsa ana tsakiyar gasa. Sai da manya suka sa baki ya janye. Ya sha faɗa a fili cewa ba ya ƙin Bature mai ilimin aiki, abin da yake ƙi shi ne a ba baƙo shekara ya gina tawaga, a ce ɗan gida ya ci kofi gobe ko ya tafi. Ya yi watanni ba albashi, duk da haka ya kai 'yan gida zalla matsayi na uku a gasar CHAN ta 2014, inda suka farke uku suka doke Maroko 4-3, Rabiu Ali na Kano Pillars na cikin masu cin. A kofin duniya na Brazil kuwa, karon farko, shi da kansa ya zauna a bencin tawagar da ya samo wa gurbi. Ya maido da Odemwingie, wanda ya ci Bosniya. Musa ya zura biyu a ragar Ajantina. Najeriya ta kai zagaye na biyu kafin Faransa ta cire ta. Babu koci ɗan Afirka da ya taɓa kaiwa nan kafin shi.

Ƙarshen bai yi daɗi ba. Najeriya ta kasa zuwa kare kofinta a 2015, aka sallame shi a watan Yulin shekarar. Matarsa Kate ta rasu a Disamba, shi kuma ya bi ta ranar 7 ga Yunin 2016 a Binin, yana da shekara 54. Kwana uku bayan haka Amodu, wanda shi ma aka raba da kujerarsa gab da kofin duniya na 2010, ya rasu a garin. An binne Keshi a Illah, filin wasa na Asaba na ɗauke da sunansa. Bayan nasararsa ta 2013, Djamel Belmadi ya ci kofin da Aljeriya, Aliou Cisse da Senegal, Emerse Fae da Kwaddibuwa, dukkansu tsofaffin 'yan wasan ƙasashensu.