A-kori-kura: tarihin Fijo 404, da dalilin da ya sa na hana a sayar da ta Babanmu a kilo

Zaren nan yana da ɗan tsawo, ku gyara zama.

Bayan ƙaramar Sallah 'yan gwangwan suka zo ƙofar gidanmu suka taya tsohuwar a-kori-kurar Babanmu, Allah ya jiƙansa. Ba a matsayin mota suka taya ta ba fa. A kilo. Yaya har ya ce a sallama, wai ta zama gidan ɓeraye da wurin ƙwan kaji. Na ce don Allah Yaya a ba ni wata uku.

Shekararta tara a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun nutse a ƙasa. Garin neman yadda za a tashe ta na faɗa cikin tarihinta, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai.

Ga 'yan baya da suka buɗe ido suka ga Hilux: kafin ita, in aka ce a-kori-kura a ƙasar Hausa, Peugeot ake nufi. Mu Fijo muke cewa. Kamfanin Faransa ne, cibiyarsa a garin Sochaux. Tun 1810 iyalan gidan suke sana'ar ƙarfe, suna ƙera zarto da injin niƙan kofi, mota daga baya ta zo. Zakin nan da kuke gani a goshin motar ma asalinsa tambarin zarto ne.

A 1960 suka fito da 404. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. Mai buɗaɗɗen baya, wato tamu, sai 1967 ta fito. Faransawa suna kiranta da suna mai ma'anar "mai rufin tamfol". Mu kuwa muka ce a-kori-kura. Ku faɗi gaskiya, wa ya fi iya raɗa suna?

Abin da ya fara ɗaga sunan 404 a Afirka tsere ne. Akwai gasar Safari ta gabashin Afirka, ta cikin Kenya da Uganda da Tanzaniya, dubban kilomita a taɓo da ƙura. A 1963 mota 84 suka tashi, 7 kacal suka kai ƙarshe, 404 ce a gaba. Ta sake cinyewa a 1966 da 1967 da 1968. Wannan ya fi kowace irin talla.

Sai Najeriya ta samu kuɗin fetur. Gwamnatin Gowon ta ce ba za mu zauna muna sayen mota daga waje kawai ba, a zo nan a haɗa. Aka raba masana'antu: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Kaduna ta samu Peugeot. An kafa kamfanin PAN a 1972, masana'antar Kakuri ta fara fitar da mota a 1975.

Ga inda labarin ya fi ba ni mamaki. A 1975 ɗin nan tashar ruwan Legas ta cushe, jiragen siminti ɗaruruwa sun yi layi a teku, wasu wata da watanni. To ta ina kayan haɗa mota za su iso Kaduna? Ta sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tasowa daga Lyon suna sauka a filin jirgin Kano, cike da inji da ƙofofi da gilasai, daga nan a ɗora a manyan motoci zuwa Kakuri. Shekaru aka yi ana haka. Motar da kakanka ya hau zuwa ɗaurin aure, ba mamaki ta riga shi hawa jirgin sama.

Gyara ɗaya: ba kowace a-kori-kura ce 'yar Kaduna ba. Kamfanin SCOA, wanda yake dillancin Peugeot tun kafin a gina Kakuri, ya yi shekaru yana harhaɗa masu buɗaɗɗen baya a Legas. Kuma in ka ci karo da 404 mai sitiyari a dama, ka gaishe ta da ladabi, wataƙila ta girmi naira. Sai 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, naira kuma ta zo a Janairun 1973.

A Nijar hanyar daban ce. Shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar 404 ko 504 da arha a Faransa, su ƙetara teku zuwa Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su hau jirgi su koma gida da kuɗin. Motar da Bature ya gama da ita, a nan take fara rayuwa.

Bayan Obasanjo ya hau a 1976 aka ce manyan gwamnati su rage facaka, 504 ta zama motar ofis. Ita ce ta kwamishina, ita ce ta babban sakatare. Amma ni ba ta ofis ce ta dame ni ba. Wadda ta yi wa talaka aiki ita ce a-kori-kura.

Ita ke kwaso hatsi daga ƙauye zuwa Dawanau. Ita ke kai awaki Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis. Ita ke ɗaukar gado da jeren amarya, 'yan kai amarya a saman kaya suna guɗa. Mai naƙuda cikin dare ita, gawa zuwa mahaifa ita. A takarda abin da aka yarda ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, wato buhu goma na masara. Wane direba ne ya taɓa tsayawa a goma? Baba da kansa yakan ce goma ai lodin gwaji ne.

To me ya sa ba ta mutu ba? Mutane sukan ce ƙarfen da ne. Akwai wannan, amma ba shi ne asalin sirrin ba. 404 tana lalacewa kamar kowace mota, tana tsatsa sosai ma. Bambancin shi ne an ƙera ta yadda mutum mai sufana da sukudireba zai iya gyara ta a gindin bishiya.

Ku dubi injin. Silinda huɗu, cc 1618, an kwantar da shi gefe guda don bonet ya yi ƙasa. Ramukan da fistin ke kai da kawowa a ciki ba a jikin bulok aka fafe su ba. Kowanne bututun ƙarfe ne daban da ake zurawa, makanikai suna ce masa silif. In inji ya cinye, ba sai an jefar ba: a zare silif huɗu, a zura sababbi da fistin da ringi, inji ya dawo yaro. Ana iya yin haka sau da yawa a bulok ɗaya. Shi ya sa za ka ga mota ta shekara arba'in da injinta na asali.

Babu kwamfuta, babu sensa. Kafireta ce ke ba da mai, kwantak da kwayil ke ba da wuta. Mota ta ƙi tashi? Abu biyu za ka duba, mai yana zuwa, wuta tana zuwa. In batir ne ya yi sanyi, yaran unguwa su tura. Baya kuma sifirin ne na faranti, in ɗaya ya karye maƙeri ya san abin yi. Giya a jikin sitiyari take, shi ya sa gaba ke cin direba da mutum biyu, uku in kamasho ya matsa.

A 1979 Peugeot ta fito da a-kori-kura ta 504 don ta gaji 404. Injin 504 ɗan gidan su ɗaya ne, faɗaɗa shi kawai aka yi zuwa cc 1796 da 1971. Wannan ya yi wa masu 404 rana, don kaya da yawa suna shiga juna. Yau in ka buɗe bonet ɗin 404 goma a tasha, kada ka yi mamaki in ka tarar da zuciyar 504 a yawancinsu. Ita kanta 404 ɗin ba ta daina fitowa ba sai 1991, a Kenya aka haɗa ta ƙarshe.

Sai 1986 ta zo da SAP. Naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su daga Faransa suka yi tsadar da sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. 'Yan Kwatano suka cika gari. Masana'antun nan da na lissafa suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Kakuri ta daure da 504 har wajen 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta.

Abin lura, wannan talaucin ne ya ƙara wa tsofaffin a-kori-kura kwana. Tunda sabuwa ta gagara, dole a raya ta hannu. Nan Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano suka zama asibiti. A yanka matacciya a raya mai rai. Abin da babu, 'yan Nnewi su kawo ko su ƙera. Bodin ƙarfe ya ruɓe, kafinta ya buga na katako, mai fenti ya rubuta "Haƙuri maganin duniya" a baya. A ganina rabin tarihin motar nan ba a Sochaux aka rubuta shi ba, a waɗannan rumfunan ne.

Mu dawo kan ta Baba. Na zaga gareji huɗu. Samarin makanikai suna ganin hoto sai dariya, ɗaya ya ce Oga ina zan soka na'ura a wannan? Da ƙyar aka yi min kwatancen wani dattijo da ya koyi aiki tun zamanin Kakuri na ganiyarta. Ido ya fara rauni, amma kunne garau.

Ranar da ya zo na riga na sayo batir, ina ɗokin murza makulli. Ya riƙe min hannu. Ya ce, "Yaro, wanda ya shekara tara yana barci ba a tashinsa da mari." Ya cire filogi huɗu, ya ɗura bakin mai kaɗan a kowane rami, ya ce a bar ta kwana uku. Ran na huɗu ya sa sufana a gaban inji ya juya da hannu, a hankali. Ya juyu. Ya ce alhamdu lillahi, bai kama ba.

Daga nan aka bi abu ɗaya ɗaya. Aka sauke tanki, tsohon fetur ya zama kamar danƙo, aka wanke tsatsa. Kafireta aka warware ta a faranti aka wanke da fetur, kwantak sabo. Wayoyi kuwa ɓeraye sun yi walima, sai da mai rewaya ya kwana biyu a kai. Robobin birki duk sun bushe, kuma Baba makanike ya rantse ba zai bari ta taka titi ba sai an canja su gaba ɗaya har da bututun. Wai mota da ba ta tashi ba ba ta kashe kowa, wadda ba ta tsayawa ita ce abin tsoro.

Inda muka sha wuya shi ne ruwa. Kan injin 404 alminiyam ne. Shekara da shekaru ana ɗura mata ruwan rijiya a lagireto, gishirin ruwan ya ci hanyoyin ciki, kanwa ta toshe rabi. Wani can baya kuma ya cire tamostat ya yar, irin dabarar nan tamu ta wai ƙasarmu da zafi. In kan nan ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Namu ya ɗan lanƙwashe, aka kai aka goge shi ya daidaita. In kana da tsohuwar mota, don Allah ka sayi ruwan lagireto na gaskiya, bai kai kuɗin kan inji ba.

Laifin Baba kuma ya fito a ƙasa. Ya ƙara faranti biyu a sifirin kowane gefe don lodi. Sifirin ya ɗauka, amma ƙarfen da ke riƙe da shi ya tsage, an yi walda a kan walda har sau uku. Mai walda ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe, muka cire ƙarin farantan. Ta gama dakon masara, ta huta.

Fenti ne ƙarshe, ko da yake shi kowa ke fara tambaya. Kada ka yarda a shafa maka foti a kan tsatsa, damina ɗaya zai kumbura. A kankare har ƙarfe ya fito fari, inda ya huje a yanke.

Abin da ke ci min rai: kowace 404 da aka auna a kilo, narka ta za a yi ta koma rodin gini. Ta tafi da gilashinta da fitilunta da dashbod ɗin da ba a ƙera irinsu kuma. A Faransa masu tara tsofaffin motoci suna da ƙungiyoyi, suna farautar irin waɗannan kayan, Peugeot kuma tana da gidan tarihi a Sochaux. Mu da muka fi kowa morar motar, muna sayar da ita a farashin tsohon kwano. Kuma dattijon nan da ke saita kafireta da kunne, yaransa biyu ne kacal, dukansu sun koma gyaran Keke Napep.

Ranar Asabar da ta wuce, saura kwana shida wa'adina ya cika, aka murza makulli. Ta yi tari sau biyu, ta yi hayaƙi har maƙwabta suka leƙo, sannan ta kama. Hajiya tana cikin ɗaki ta ji ƙarar, ta fito ba mayafi ta tsaya a zaure, ba ta ce komai ba. Yaya kuwa shi ya fara shigewa gaba, wai a kai shi masallaci.

Saura gilashin gaba, namu ya tsage daga sama har ƙasa, da fitilar baya ta hagu. Na 504 ba ya shiga, na gwada. Duk wanda ya san inda matacciyar 404 take kwance, a Panteka ne ko Ƙofar Ruwa ko bayan gidan kakansa, ya yi min magana ta DM kafin masu sikeli su riga ni.