Talla da Ƙishirwar Karɓuwa: Nazarin Kasuwar Man Bilicin a Basunda, Jihar Gadarif

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda tallan man bilicin ke cin moriyar burin ɗaukaka da son karɓuwa a Basunda, yankin manoman riɗi da dawa da ke jihar Gadarif, kusa da iyakar Sudan da Habasha. Matsayarta ita ce, talla kan tarar da raunin da tarihi ya bari, ya mai da shi kasuwa.

Gabatarwa

Hanyar hajji da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 su suka zaunar da dubban Hausawa da Fulani a Sudan. Sai dai dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta ɗaure haƙƙin ga zuriyar waɗanda ke zaune a ƙasar kafin 1898, lamarin da ya bar da yawa cikin shakku. Zanga-zangar Hausawa a Gadarif da Kasala a 2008, da wadda ta biyo bayan rikicin Bulunayil a Yulin 2022, sun nuna mikin bai warke ba. A al'ummar da ke danganta hasken fata da asali da daraja, wannan miki ya zama gonar mai talla.

Dabarun Tallan

Dabara ta farko ita ce hoton “kafin” da “bayan”: yarinya cikin damuwa, sannan ita ɗin dai ta yi haske, ga aiki, ga manema. Da wannan salo man Fair & Lovely ya daɗe yana cin kasuwa, har suka ta sa kamfanin Unilever ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely a 2020.

Ta biyu ita ce sassauta farashi. Ƙananan shagunan da ake kira ƙadar zurufak suna sayar da haɗin mayuka cokali-cokali, cikin ƴar roba marar suna, balle bayanin sinadari. Ko ƴar da ta samu na kashewa a girbin riɗi za ta iya saye.

Ta uku ita ce fakewa da al'ada. Dilka da turaren dukhan tsofaffin kayan gyaran amarya ne. Masu talla a Facebook da WhatsApp sai su cusa bilicin a tsakaninsu, har uwa ta ji kunyar aurar da ƴarta ba tare da shi ba.

Illoli

Da yawa daga cikin haɗe-haɗen na ɗauke da makuri, ko haidurokwinon, ko sitiroyid. Makuri na lalata ƙoda da jijiyoyi, sitiroyid kuma na sirantar da fata har ta riƙa tsagewa. Ribar ta ɗan kasuwa ce, jinyar ta mai shafawa.

Kammalawa

Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita makuri a kayan shafa, amma doka ba ta kashe buƙata. Wajibi ne hukumomin lafiya su tilasta rubuta sinadarai a jikin kowane mai, malamai da sarakunan Hausawa kuma su fito fili su yaƙi fifita launi wajen aure da ɗaukar aiki. Muddin ana auna ɗan ƙasa da fatarsa, mai talla ba zai rasa mai saye ba.