Wasiƙa Daga Ingila: Garin Bath da Alkyabbar Docilianus

Wasiƙar wannan karon a kan garin Bath ce, wanda na ziyarta kwanan baya. Yana yamma da Landan, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa. Ma'anar sunan garin wanka, kuma ruwa ne ya kafa shi.

A tsakiyar garin akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari zai gane abin da nake nufi, sai dai wannan ya fi shi zafi nesa ba kusa ba, domin ya kai digiri 46, kuma fiye da lita miliyan ɗaya ke fitowa kullum. Masana sun ce ruwan sama ne da ya sauka a tuddan Mendip dubban shekaru da suka wuce, ya nutse can ƙarƙashin ƙasa ya yi zafi, sannan ya dawo sama ta tsagar dutse.

Rumawa sun ci Birtaniya da yaƙi a shekarar 43 miladiyya. Sun tarar mutanen wurin suna bauta wa wata gunkiya mai suna Sulis a bakin ruwan, sai suka haɗa ta da tasu Minerva, suka gina mata ɗakin bauta tsakanin shekarar 60 da 70, suka kira garin Aquae Sulis. Sun gina babban kwamin wanka da aka shimfiɗe da darma, da ɗakunan da ake hura wuta ƙarƙashin daɓensu don su yi ɗumi. Yau kwamin ba rufi, shi ya sa rana ta sa gansakuka ta mai da ruwan kore.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba ginin ba ne. An tono wasu 'yan ƙananan alluna na darma kimanin 130 daga cikin maɓuɓɓugar, kuma galibinsu ƙorafin sata ne. Mutum ya tuɓe ya shiga wanka, ya fito ya tarar an yi gaba da kayansa. Talaka ba shi da bawan da zai tsare masa tufafi, ba shi da wanda zai kai wa ƙara, sai ya rubuta kukansa ya jefa a ruwa. Wani mai suna Docilianus an sace masa alkyabba, ya roƙi gunkiyar ta hana ɓarawon barci da haihuwa har sai ya dawo da ita. Da na karanta fassarar sai na ce, ashe "Allah ya isa" ta daɗe a duniya!

Mulkin Rumawa ya ƙare a Birtaniya wajen shekarar 410. Rufin ya rufta, laka ta binne wurin, aka yi gine-gine a kai. A 1727 masu haƙar magudanar ruwa suka ci karo da kan gunkin Minerva na tagulla, babban kwamin kuwa sai wajen 1880 aka tono shi. An hana wanka a cikinsa tun 1978, bayan wata yarinya ta rasu sakamakon ƙwayar cuta da ke cikin ruwan. A 1987 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Daular da ta mulki ƙasashe tun daga Masar har Ingila ta tafi, amma kukan mai alkyabba yana nan cikin gilashi ana karantawa. Haƙƙin talaka ba ya ruɓewa, ko da an binne shi shekara dubu da ɗoriya.

A gaida Inna da su Kawu da yara duka. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.